Sunaye Biyu a Fayil Ɗaya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ummi,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da Abbanki da matarsa Hajiya da sauran mutanen gida. Allah Ya tsare ki a zaune, Ya tsare ki a tafe, Ya kai ki Kaduna lafiya, Ya dawo mana da ke lafiya.

Na san za ki yi mamakin ganin wasiƙa daga gare ni, alhali daga Mai'adua zuwa Daura ba wata tafiya ba ce, ga kuma waya a hannun kowa. To ai ni da ke mun san yadda wayarmu take. Ina kwana, lafiya lau, ya karatu, alhamdu lillahi, sai ki yi maza ki miƙa wa wani. Ke 'yar farina ce, tun yaye kuma a hannun yayana Musa kika tashi, shi kike kira Abba, don haka kunya ba ta taɓa barin mu mun wuce gaisuwa ba. Abin da ke cikina yau ya fi ƙarfin gaisuwa, in kuwa na ce zan faɗa miki da baki, na san tari kawai zan yi ta yi har motarku ta tashi. Shi ya sa na rubuta, zan ba Hajiya ta saka miki a jaka. Ki karanta tun kina gida, kada ki bari sai kin isa.

Ranar Juma'a Yaya Musa ya kira ni ya ce wani babban asibiti ya kira ki intabiyu, kan aikin ɗakin awon jini da kika karanta. Na yi hamdala da baki, amma ban iya yin murna ba. Mahaifiyarki ta shiga maƙwabta tana ba da albishir, ni kuwa na zauna a bakin turke ina kallon tumaki kamar ban taɓa ganin tunkiya ba. Ranar Lahadi a kasuwa wani Bafulatani ya kawo mini saniya in duba masa, na tsaya riƙe da kunnenta na daɗe ban duba ta ba, har ya tambaye ni ko ni ne marar lafiyar. Tsoro nake ji, Ummi. Ba zan ɓoye miki ba.

Hanyar ma abin tsoro ce a wannan zamani, kin san irin labaran da muke ji. Ki shiga motar farko daga cikin tasha, kada ki yarda da motar bakin titi komai kyawunta. Ki bar wayarki a kunne, in kun wuce kowane gari ki sanar da Abbanki. In kin isa ki wuce gidan da aka ce ki sauka, ban da yawon ganin gari. Amma duk wannan na san an faɗa miki har kin gaji da ji. Ba hanyar ce ta hana ni cin tuwo ba. Ɗakin da za ki shiga ne, da teburin da za ki zauna a gabansa, da wata tambaya da na tabbata za a yi miki.

Ni ma na taɓa zuwa intabiyu, sau ɗaya tak a rayuwata. Mutane sun san na je ban samu ba, amma yadda aka yi ban samu ba, kafin wannan makon mutum ɗaya na taɓa faɗa wa, shi ma ya rasu.

Ina ɗan shekara biyar mahaifina ya ɗauke ni daga ƙauyenmu da ke gefen Kongolam, a bakin iyakar ƙasa, ya kai ni Daura hannun ƙanensa Baba Isa, baduku a cikin tsohon gari, don in yi boko. Baba Isa bai taɓa bambanta ni da 'ya'yansa ba, ko duka za a yi tare ake jera mu. Shi ya kai ni firamare da kansa, shi ya tsaya mini har na gama sakandare, na kuma yi kwas ɗin kula da lafiyar dabbobi. Ina gamawa aka ce wani shirin bunƙasa kiwo zai ɗauki malaman dabbobi, na cike fom, bayan 'yan watanni sunana ya fito, aka ce in je Katsina.

Sati biyu aka ba mu. Kin san abin da na yi da su? Na zagaye malamai. Na sha rubutu har cikina ya koma ƙugi kamar na rago a damina. Na kai wa tela shadda, na yi ta sintiri a shagonsa kan aikin wuya, na sayi takalmi sabo wanda ya matse ni. Littafin kwas ɗina kuwa yana ƙasan akwati. Takarduna ma ban buɗe su na duba ba, na tattara na zuba a wata jakar fata da Baba Isa ya ɗinka mini da hannunsa don wannan tafiya. Ban ce kada ki nemi addu'a ba, muna nan muna yi miki, har mahaifiyarki ta sa an sauke Alƙur'ani. Ki bar mana wannan aikin. Ke ki buɗe littafinki, ki kuma baje takardunki a kan tabarma ki karanta su ɗaya bayan ɗaya, kamar ke ce mai neman laifinsu.

Baba Isa ya rufe shagonsa ya raka ni. Muka isa tun da sassafe, ko koko ban sha ba don fargaba. Aka jera mu a kan benci a baranda, shi kuma ya samu gindin wata darbejiya a tsakar ofishin ya zauna. A kan bencin nan aka fara kashe ni. Akwai wani mai surutu kusa da ni, ya ce wannan ne karo na huɗu da ya zo irin wannan wuri.

"Malam, ɓata lokaci kawai muke yi," in ji shi. "An riga an raba guraben tun jiya. Kai wa ya turo ka?"

Na ce ba kowa.

"Ba kowa? Ko 'yar takarda daga wani babba ba ka riƙo ba?" Ya girgiza kai yana kallon shaddata. "Allah Sarki. Ka dai yi kwalliya."

Daga nan har azahar ban daina jin maganarsa a kunnena ba. Duk wanda ya fito daga ɗakin sai a yanyame shi, me suka tambaye ka, me suka ce, shi kuma don kada a raina shi sai ya ƙara wa tambayoyin gishiri. Kafin a kira sunana na riga na yanke wa kaina cewa ban samu ba. Daga baya na ji mai surutun nan yana cikin waɗanda aka ɗauka, kuma ba wanda ya turo shi. Ki ci abinci kafin ki fita. In kin zauna a benci ki gaida na kusa da ke, daga nan ki toshe kunnenki. Duk mai ba ki tsoro a wurin, abin da kika zo nema shi ma ya zo nema.

Da aka kira ni, na tsaya a bakin ƙofa na cire takalmi. Mutum uku ne a bayan tebur: wani dattijo mai farin gemu a tsakiya, wata mata mai tabarau da fayil a gabanta, da wani matashi mai wasa da biro. Ina ganin furfurar dattijon na zube ƙasa na durƙusa, na shiga jero gaisuwa, ya gida, ya iyali, ya gajiya. Sau uku ana ce mini in tashi in zauna. Da na hau kujerar ma a bakin-bakinta na ɗosana, kaina a sunkuye, ina kallon safata da ta huje a babban yatsa. Na ji matashin ya yi 'yar dariya. Abin da aka koya mini a gida ke nan, kuma a zauren Baba Isa shi ne daidai. A can kuwa sai suka ga mutumin da in an tura shi ruga ba zai iya ce wa mai shanu ya killace dabbarsa ba. Ki yi sallama, ki gaishe su gaisuwa ɗaya mai kyau, in an nuna miki kujera ki zauna a cikinta sosai. Ki ɗaga kai ki dubi mai yi miki magana. Na san za ki ji kamar rashin kunya kike yi, ki daure, na minti kaɗan ne.

Sai dattijon ya tambaye ni yadda ake gane saniya mai ciwon huhu. Ummi, nan bakina ya buɗe. Na manta da safa, na manta da takalmi. Na faɗa masa yadda take tsayawa ta ware ƙafafun gaba, ta miƙa wuya, yadda take nishi in an kora ta, yadda take ware kanta daga garke ta nemi inuwa. Ya juya Turanci na bi shi, ya dawo Hausa na bi shi. Ya tambaye ni ciwon hanta, na ba shi amsa. Na ga ya gyaɗa kai ya yi rubutu. Wallahi a lokacin aikin nan yana tafin hannuna, na ji shi.

Matashin ya ce, "To, ga mutane cike da baranda. Me ya sa za mu ɗauke ka mu bar su?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, Allah ne mai bayarwa. Akwai waɗanda suka fi ni a waje."

Ya ce, "To mu kira su ke nan?"

A tarbiyyarmu mutum ba ya yabon kansa, sai dai a yabe shi. Na zauna ina jira wani ya yabe ni a ɗakin da ba wanda ya san ni. Da na ce musu tun ina yaro nake bin shanu duk hutu, na iya Fulatanci, na san rugagen iyaka ɗaya bayan ɗaya, da ban yi ƙarya ko ɗaya ba. In sun yi miki wannan tambaya, kuma za su yi, ki faɗi abin da kika iya kamar kina ba da labarin wata. Wata shida kika yi kina aikin sa kai a asibitin garinku, ki faɗa. Hajiya ta ce har tsofaffi suna cewa ke suke so ki ɗebi jininsu don hannunki ba zafi, ki faɗa.

Duk da haka ina jin da an ɗauke ni, don dattijon yana tare da ni. Sai matar nan mai tabarau ta ɗago takardu biyu, ɗaya a kowane hannu.

Allah Ya gafarta mini, yau zan rubuta sunan mahaifina. Ranar da Baba Isa ya kai ni firamare, malam ya tambayi sunan uba, aka rubuta Idrisu Isa, haka kuma ya bi duk satifiket ɗina. Takardar shaidar asali kuwa daga wajen mai garinmu aka faro ta, can kuma kowa ya san ni ɗan Malam Habu ne, aka rubuta Idrisu Habu. Shekara da shekaru takardun nan suna tare a akwati ɗaya, ban taɓa ganin wani abu a ciki ba, don a wurina duka biyun ni ne.

"Wane ne Isa, wane ne Habu?" in ji ta.

Na ce, "Iyayena ne."

"Wanne ne mahaifinka?"

"Dukansu, ranki ya daɗe."

Matashin ya ajiye biro. Ya ja takardar asalin ya duba sunan ƙauyenmu, ya ce, "Gefen Kongolam. Ai mun saba da irin wannan. Mutum ya tsallako daga can, ya samo takardar wani ya haɗa da tasa."

Dattijon ya ɗaga masa hannu, ya dube ni da tausasawa. Ya ce, "Yaro, kwantar da hankalinka. Tambaya ɗaya ce. Wannan Isa, ubanka ne ko ba ubanka ba ne?"

Akwai taga a bayansu, a buɗe. Ta cikinta ina hango Baba Isa a gindin darbejiya, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, yana jan carbi, jakar fatar nan tana kan cinyarsa. Ba zai ji ni ba, da nisa. Amma na buɗe baki in ce ba ubana ba ne, sai harshena ya ƙi. Mutumin da ya ciyar da ni shekara goma sha bakwai, ya rufe shagonsa ya biyo ni, in zauna a kan kujera in ce wa baƙi ba ubana ba ne? In kuma ambaci sunan mahaifina gatsau, abin da ban taɓa yi ba tun da na yi wayo? Gumi ya jiƙe shaddar nan har aikin wuyan. Na dai ji dattijon ya yi ajiyar zuciya, matar ta rufe fayil, ta ce za su bincika takardun, in tafi zan ji daga gare su.

Na fito har na kai tsakar ofishin kafin wani ya biyo ni da takalmina. Baba Isa ya miƙe ya ce, "Yaya aka yi?" Na ce lafiya lau. Ya yi murna, ya saya mini tsire a tasha, na ci ina jin kamar tsumma nake tauna.

Kalmar bincike ɗin nan ta zauna mini a ƙirji. Wata da watanni in na ga motar 'yan sanda ta tsaya a bakin unguwa sai in ce ni aka zo kamawa kan takardar jabu, alhali ban saci komai ba. Ga tsoro, ga kuma sa rai. Damina biyu na yi ina leƙa gidan waya, ban nemi wani aikin ba, ban koma na yi musu bayani ba, don ina tsoron in na je tuna musu da ni zan yi. A ƙarshe na tattara na dawo Mai'adua na kama duba dabbobin mutane a kasuwa, abin da nake yi ke nan har yau. Ban raina ba, da shi na riƙe gida. Amma duk lokacin da malaman dabbobi suka zo rigakafi da farar riga, ni ke riƙe musu ƙaho, wani lokaci ni ke raɗa musu abin da ke damun saniyar. In an ce miki za ki ji daga gare su, ki tambaya cikin ladabi yaushe, kuma ta wace hanya. In lokacin ya wuce ki bi sawu sau ɗaya, daga nan ki nemi wani wurin. Kada ki zauna jira irin nawa.

Sai bayan shekara tara na faɗa wa Baba Isa gaskiya, wata rana da hantsi a shagonsa, yana yankan fata. Na zaci zai ji daɗi, ya ce na yi halacci. Ya ajiye wuƙar ya dube ni.

"Kai wawan ina ne, Idi?" in ji shi. "Ni na haife ka? Da ka ce ba ni na haife ka ba, ƙarya ka yi? Tuwon da ka ci a gidana zai fito daga cikinka ne? Ni na rufe shago na bi ka don ka samu aiki, ba don ka je ka yi mini kara ba."

Ya juya baya ya ci gaba da yanka. Bai sake tayar da maganar ba har ya bar duniya.

Yanzu ga babban laifina, wanda saboda shi na ɗauki biro. Mutumin da wannan abu ya faru da shi, ai ya kamata a ce ya yi hankali. Da kika isa shiga makaranta, Yaya Musa ya hau babur ya zo har Mai'adua ya same ni. Ya ce, "Idi, gobe zan kai Ummi makaranta. Wane suna za a rubuta?" Ya san ban samu aiki ba, bai san dalili ba, amma shi mutum ne mai tsari, ya tambaya. Duk abin da ya faru a Katsina ya dawo mini a lokacin. Sai na ji bakina yana cewa, "Haba Yaya, 'yarka ce, me kake tambayata?" Na ji kunyar a ce na ba da 'ya kuma ina bin ta da suna. Haka aka rubuta sunansa a bayan naki, tun daga firamare har takardarki ta ƙarshe. Takardar haihuwarki da ta shaidar asali kuwa a nan aka yi su, sunana ne a kai. Ramin da na faɗa, da hannuna na haƙa miki irinsa, na kuma yi shekaru ina ce wa kaina zamani ya canza, ba za a duba ba. Yanzu kuwa an fi dubawa, tunda komai a na'ura yake.

Ranar Litinin na je Daura na faɗa wa Yaya komai. Kin gan ni a zaure, kika gaishe ni kika wuce, ba ki san abin da ya kawo ni ba. Ranar Talata muka je kotu don a yi takardar rantsuwa cewa mai sunayen nan biyu mutum ɗaya ce. Magatakarda ya ɗauki biro ya ce, "Wa ya haifi yarinyar?" Ni na dubi Yaya, Yaya ya dube ni. Tsofaffi biyu da furfura, kowa yana zungurin ɗan'uwansa da gwiwar hannu.

"Bayin Allah, ni fa ina da aiki," in ji magatakarda.

Yaya ya ce, "Idi, wallahi in ka sake cewa 'yata ce, a gaban hukuma zan mare ka."

Sai na faɗa. Muryata ta fito kamar ta wani, amma na faɗa, aka rubuta, muka sa hannu mu biyu. Takardar tana cikin ambulan ɗin da wannan wasiƙa take. Ki yi kwafinta, ki riƙe ta asalin a jikinki. Kada ki bar wa kowa takardunki na asali ya ce ki dawo gobe, kada kuma ki bi wanda zai tare ki a baranda ya ce zai gyara miki matsala in kin same shi a wani wuri. Abin da za a gyara, a kan teburin nan za a gyara shi.

Takarda kuwa ba ta magana, sai mai ita ya yi. Nan ne tsorona yake. Na daɗe ina lura da ke daga nesa. Hannunki na mahaifiyarki ne, ƙwaƙwalwarki Allah Ya ba ki, amma bakinki nawa ne. In babba ya yi miki tambaya kina sunkuyar da kai kina murza bakin mayafi, daidai yadda nake yi. Kina ce mini Baffa tun kina ƙarama, ban taɓa jin kin ambaci sunana ba, na kuma san a duniya ba abin da zai fi miki nauyi kamar ki ce Abbanki ba shi ya haife ki ba. In na rufe ido ina ganin ki a kan kujerar nan, wata mai tabarau ta ɗago takardu biyu, ke kuma kin yi shiru. Wannan hoton ne ya hana ni sakat tun Juma'a.

Don haka kada ki jira su gano. Kina miƙa fayil ki ce, "Akwai bayanin da nake so in yi kan sunana." Sannan ki ce, "Musa wan mahaifina ne, shi ya riƙe ni, shi ya sa ni makaranta. Mahaifina sunansa Idrisu. Ga takardar kotu." Shi ke nan, ba tsawo. Ki shiga ɗaki yau ki rufe ƙofa ki faɗe shi da ƙarfi sau goma, da Hausa da Turanci, har harshenki ya saba. Abbanki ya ce in faɗa miki ya yafe, ya ce in kika yi masa kara a wurin nan ba zai yi miki magana ba sai bayan Sallah. Ni ma na yafe. Ki kira sunana gatsau a gaban ko su wane ne, ba rashin kunya kika yi ba, ni na sa ki.

Saura abu ɗaya. Da za mu fito, magatakarda ya ce mana wasu wuraren suna karɓar takardar rantsuwa, wasu kuma sai su ce a mayar da duk takardu su zama suna ɗaya kafin su ba mutum aiki. In haka suka ce miki, kada ki ce bari ki je gida ki yi shawara, don kafin ki dawo sun ba wata. An riga an yi shawarar. Sunan Yaya ne a kan duk satifiket ɗinki, waɗannan kuwa canza su sai an shekara ana yawo. Nawa a takarda biyu kawai yake. Ki ce musu a cire nawa. Na tambayi limaminmu, ya ce muddin ba ki musanta wanda ya haife ki ba, Allah Ya san niyya. Na tambayi magatakarda, ya ce sai na zo da kaina na sa hannu. Zan zo, ko ranar kasuwa ce.

Ba zan ce miki ba zai yi mini ciwo ba. Zai yi. Takardun nan biyu su ne kaɗai wurin da sunana da naki suke zaune kusa da juna. Amma na fi son ki tsaya a ɗakin awon jini da farar riga da sunan Yaya a ƙirjinki, da ki dawo gida da nawa ki zauna jira. Ki dai faɗe shi sau ɗaya a gabansu, su ji, daga nan su yi abin da suka ga dama da shi.

Allah Ya buɗe bakinki, Ya sanyaya zukatansu a kanki. Allah Ya kare ki daga sharrin hanya da sharrin mutane, Ya sa ki fita lafiya ki dawo lafiya. In alheri ne Ya ba ki, in ba alheri ba ne Ya musanya miki da wanda ya fi shi. In kin fito daga ɗakin, ko me ya faru, ki kira ni. Wannan karon kada ki miƙa wa kowa wayar.

Wassalam.

Mahaifinki,
Idrisu Habu
Mai'adua